Rigar da na ƙi ɗinkawa

Ni tela ne. Shekara talatin ke nan ina taka keke a birnin Katsina, a wani ɗan shago da ke wajajen Ƙofar Ƙaura, kuma rabin tuwon gidana daga ɗinkin ankon matan zumunta yake fitowa. Kowace majami'a da irin atamfarta. In Kirsimeti ta matso sai ka ga shagon ya cika da launi: ga ta matan ECWA, ga ta Baptis, ga ta Anglika, ga ta matan Katolika. Almakashi ɗaya ke yanka su duka, ban taɓa mayar da ko ɗaya ba. Riga guda tak aka taɓa kawo mini na ture, ita ce ta ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Na daɗe ina jin nauyin ba da labarin nan, amma ina ganin samari a majami'unmu suna bin sawun da na bi, shi ya sa na ce bari in faɗa.

An haife ni a 1976 a wani ƙauye da ke ƙasar Malumfashi. Kakanninmu Maguzawa ne, manoma, masu yanka jan zakara a gindin tsamiya. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, 'ya'ya biyu maza suka rayu mata: Baba da ƙanensa, Baffa. Baba yana saurayi wani tabo ya fito masa a baya, aka ce kuturta ce, aka kai shi Babbar Ruga, asibitin kutare da mishan ɗin SIM suka riƙe kusa da Katsina. Can ya sami magani, ya koyi karatu, ya dawo gida da Littafi Mai Tsarki a hammata. Baffa kuwa daga baya ya ji bishara, ta hannun wani Fada cikin limaman Katolika 'yan Amurka da suka zauna a Malumfashi, har ya zama katakis, wato mai koyar da addini a cocinsu.

In da hankali za a bi, ranar da ƙane ya tarar da wansa cikin bangaskiya ranar murna ce. A gidanmu ranar aka fara rigima. Baba ya ce 'yan Roma gunki kawai suka canza, sun bar tsamiya sun kama siffar Maryamu. Baffa ya ce cocin Baba jiya-jiya aka kafa shi, ina suke shekara dubu da ta wuce? Suka yi musu kan baftismar jarirai, suka yi kan carbi, amma wanda ya fi zafi shi ne na giya. Baffa ba mashayi ba ne, sai dai in ya kira gayya yakan bari a dafa wa manoma kamar yadda aka gada. Baba ya ce ƙafarsa ba za ta taka gonar da aka kai tulun giya ba. Daga nan aka raba gandu, aka raba rumbu. Ina ɗan shekara bakwai aka kafa dangar kara ta ratsa tsakar gidanmu. Rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa, turmi ya faɗo namu. Mu yara muka huda wata 'yar kafa a ƙasan dangar, ta nan muke miƙa wa juna ɗanwake.

Ɗakin Iya ne kaɗai dangar ba ta raba ba, don a ƙarshenta yake, ana shigarsa ta kowane ɓangare. Kowane cikin 'ya'yan nata yana so a ce shi ya kawo ta wurin Almasihu. Baba ya zo da safe da Littafi, Baffa ya zo da yamma da gicciye. Wata rana ina zaune ina ɓare mata gyaɗa Baba ya shigo ya fara. Ta bar shi ya kai aya, sa'an nan ta ce, "Kai, saurara. Ni iskokina suna da yawa, amma ba su taɓa hana 'ya'yana cin tuwo a akushi ɗaya ba. Ku kun ce naku guda ne, ga shi ya raba mini gida biyu. In na bi ka na ɓata wa ƙanenka, in na bi shi na ɓata maka. Ku je ku shirya, sa'an nan ku zo tare ku ɗauke ni." Ba su zo tare ba. Ta rasu a daminar 1989 ba ta yi baftisma ba. A bakin kabari Baba ya tsaya gabas, Baffa ya tsaya yamma, kowa yana kukansa shi kaɗai.

Wanda ya ga wannan da idonsa, ka ce ko kyauta aka ba shi kara ba zai kafa danga ba. Ni kuwa na kafa wadda ta fi ta Baba tsawo.

Na shigo Katsina a 1994 koyon ɗinki. Duk Bahaushe Kirista da ya zauna a birnin nan ya san irin zaman. A kasuwa in ka faɗi sunanka na baftisma da tsantsar Hausa sai a dube ka sau biyu. A coci kuma wasu 'yan'uwa da suka zo daga kudu suna yi maka kallon wanda ba a gama yarda da shi ba. Mu 'yan sujadar Hausa, a wata majami'a da ba zan kama sunanta ba, ba mu wuce mutum sittin ba har da yara. Masu gadi ne, da leburori, da malaman firamare, da masu wanki da guga. Muna rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi, mata suna buga tulu da caki. Shekara shida muna tara baiko na musamman don mu gina ɗakin sujada namu, har muka buga bulo dubu biyu muka jera a wani fili.

A 2001 wani mai wa'azi ya sauka garin. Ba zan ci amanar gaskiya ba: a wurinsa na koyi tashi da asuba in yi addu'a, a wurinsa na karance Sabon Alkawari daga Matiyu har Ru'ya ta Yohanna. Amma cikin zumar ya haɗa mana da wani abu: wai mu kaɗai ne rayayyu, sauran duk matattun ikilisiyoyi ne. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da bai taɓa zama kowa ba, a ce masa ya fi dattawan cocinsa sanin Allah, ina zai sa kansa? Na fara tsayawa a taron matasa ina ƙirga laifin fasto ɗaya bayan ɗaya. A 2002 na fice da matasa ashirin da uku, muka kama ajin wata makaranta haya.

Akwai wani dattijon ikilisiya, mai gadi, sa'an mahaifina. Ya zo shagona da rana tsaka, ya cire hularsa, ya tsuguna kusa da keke. Ya ce, "Ɗana, in mun yi laifi ku faɗa mana mu gyara. Mu nawa ne a garin nan da za mu rabu biyu?" Ban ɗaga ƙafata daga kan keke ba. Na yi ta takawa don ƙarar ta danne muryarsa, har ya gaji ya mai da hularsa ya tafi. Ƙarfin ginin nan duk a hannun matasa yake. Da muka tafi, bulo ya zauna damina bayan damina har ya zaizaye, ciyawa ta rufe shi, filin ma ya fita hannunsu. Mu kuma da muka tafi neman tsarki, cikin shekara uku muka rabu gida uku, kan kuɗin baiko da wanda zai zauna kujerar gaba.

Baba ya rasu a 2004, nauyin gida ya dawo kaina. Autarmu tun tana sakandare take hannuna. Ni nake biya mata makaranta, ni nake ɗinka mata kayan makaranta da na Kirsimeti, na san awonta da ka, ba sai na ɗauki tef ba. A 2006 ta kawo miji, malamin makaranta, Bahaushe daga ƙasar Kafur, mutum mai kunya da ba ya neman faɗa da kowa. Laifinsa ɗaya a wurina: ɗan Katolika ne. Na ce ban yarda ba. Inna ta taso daga ƙauye ta roƙe ni, na ƙi. Baffa ya aiko sau biyu, na ƙi. Da ya ga haka ya karɓi sadaki, don shi ne ƙanen uba, hurumin nasa ne.

Saura mako uku biki ta shigo shago da leda a hannu. Farin leshi ne, yadi biyar. Ta ajiye a kan teburin yanka ta ce, "Yaya, ko ba za ka zo ba, ka ɗinka mini. Tun ina yarinya ban taɓa sa ɗinkin wani ba." Na sa bayan almakashi na tura ledar har ta faɗi ƙasa. Na ce, "Ba zan ɗinka miki rigar shiga wuta ba." Ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe ƙurar, ta ce, "To, Yaya. Na gode." Ta fita. A lokacin ji nake na yi wa Allah aiki. Har shaida na bayar a taron addu'a, aka tafa mini.

Tsakanin unguwarta da tawa hawan babur ɗaya ne. Shekara goma sha ɗaya ban taka gidanta ba. Ta haihu sau uku ban je barka ba.

A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a jihohin arewa goma sha biyu, sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku, aka ƙone majami'u a garuruwan jiharmu. Masu sa wutar ba su tambayi ɗarikar kowa ba. Shagona ya tsira ne don maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ya zauna, ya ce duk mai son ƙona shi ya fara da shi. Mu kuwa muka gudu bariki. Can kowa da kowa a ƙasa yake kwance, fasto da katakis, mai carbi da mai addu'ar harsuna. A dare na biyu ƙaramin ɗana ya kama zazzaɓi da amai, sai ga mijin Auta ya zo ya ajiye mana garin kwaki da sukari da ruwan leda da magani. Na hango ta daga nesa tana goye, tana kallona. Masu ba da shaida sukan ce a irin wannan dare idonsu ya buɗe. Nawa bai buɗe ba. Na jiƙa wa yara garin, ko sannu ban ce masa ba. Mutum yana iya kwana tabarma ɗaya da ɗan'uwansa cikin tsoro, gari ya waye ya koma bayan dangarsa. Mun iya wannan ƙwarai. An kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a 1976, shekarar da aka haife ni, amma da yawanmu ba ma tuna mu ɗaya ne sai an ƙone coci ko an sace fasto, ƙura na lafawa kowa ya koma yana zagin wa'azin ɗan'uwansa.

Wani dare a 2017 matata ta tashe ni. Ta ce, "Baban yara, yau sai ka ji ni, ko me za ka yi ka yi. Auta tana asibiti wata uku ke nan, ƙodarta ta daina aiki. Ranakun da nake ce maka na tafi zumunta, rabinsu wurinta nake zuwa, tun shekarar bikinta." Zumunta a ƙafa take, matata ce ta riƙe mini tawa ban sani ba.

Wankin ƙoda sau biyu a mako ba aikin malamin makaranta ba ne. Mijinta ya sayar da babur, ya sayar da gona. Baffa da tsufansa ya sayar da san nomansa. Matan cocinta suna karɓa-karɓar kwana da ita. Abin da ya fi karya ni, matan zumuntar cocin da na tsaga biyu, waɗanda bulonsu ya zaizaye saboda ni, su ma sun yi karo-karo sun kawo. A taronmu kuwa ba wanda ya sani, don ni da bakina na gaya musu ba ni da ƙanwa.

Na isa asibitin da sassafe. Ƙafafunta sun kumbura, wuyanta ya rame, carbi yana naɗe a hannunta. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Ita ta fara magana: "Yaya, ka zo? Shigo mana. Ka karya kuwa?" Na durƙusa a gefen gadon na kama ƙarfensa, da ƙyar na iya cewa, "Auta, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun ranar. Na san tsoron wuta kake ji mini." Ta kyautata mini zato fiye da yadda na cancanta. Akwai tsoro a ciki, gaskiya ne, amma ni na san mafi yawansa girman kai ne: in na yarda ita ma Kirista ce, to me na tsaga coci a kai? Can sai ta yi murmushi ta ce, "Ka san rigar nan a kekenka aka ɗinka ta? Anti, matarka, ta ba yaron shagonka, ya ɗinka cikin dare biyu. Da zarenka na shiga coci."

Kwana goma sha tara Allah ya ba ni da ita. Ina karanta mata Zabura 23, muna yin Addu'ar Ubangiji tare, ni da ita da mijinta, bakinmu ɗaya. Sai a lokacin na ji yadda take kiran sunan Yesu in ciwo ya taso, na gane shekara goma sha ɗaya ina yanke hukunci kan bangaskiyar da ban taɓa zama na saurara ba. Ta roƙi a binne ta da rigar aurenta. Ta cika da asubahin wata Talata.

Mijinta ya kawo mini rigar da yamma, ya ce ta yi mata yawa. Na buɗe shago da dare, ba wuta, na jingina fitilar waya a jikin kwalbar mai. Awon da na haddace tun tana yarinya bai yi amfani ba. Na farke gefe biyu, na rage inci uku kowane gefe. Da na juya cikin rigar na ga ɗinkin yaron, layin ya karkace a hammata, alamar sauri da tsoron kada in kama shi. Na ɗauki reza zan gyara, sai na ajiye. Wannan karkataccen layi ya fi duk ɗinkin da na yi a shekarun nan daraja a gaban Allah, na bar shi yadda yake. Hawaye suna hana ni ganin allura, ƙarfe uku na dare na gama aikin da ba ya cin minti talatin.

Ranar jana'izarta na fara shiga cocin Katolika, ina da shekara arba'in da ɗaya. Fada ya karanta Yohanna sura 17 da Hausa, inda Yesu, a daren da za a kama shi, ya roƙi Uba masu bi su zama ɗaya domin duniya ta gaskata shi ne ya aiko shi. Na karanta wurin ba adadi, amma rabi na biyun bai taɓa shiga kunnena ba. Domin duniya ta gaskata. Iya ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma abin da ta gaya wa Baba ke nan ina ɓare mata gyaɗa. Baffa yana zaune kusa da ni da sandarsa, na kama hannunsa, bai janye ba. Da aka tashi karɓar jibi, wato gurasar da masu bi suke ci don tunawa da Yesu, na zauna a wurina, don ƙa'idarsu ba ta ba ni ba. Ya yi mini ciwo, har yau yana yi, kuma ina ganin daidai ne ya yi ciwo.

Na koma tsohon cocinmu na nemi dattawa su ba ni dama, na tsaya gaban jama'a na faɗi abin da na yi. Sun karɓe ni. Dattijon da ya tsuguna a shagona ya riga ya rasu, ban sami roƙonsa ba. Cikin matasa ashirin da ukun da na ja, wasu sun dawo, wasu suna wasu majami'u, biyu kuwa sun daina zuwa ko'ina. Ɗaya ya ce mini ya gaji da ganin masu wa'azin ƙauna suna cin naman juna. Ba ni da amsar da zan ba shi, sai dai ina zuwa gaishe shi.

Daga baya na sami labarin cewa Littafin da Baba yake ɗagawa, fassarar 1932, Dokta Walter Miller ne ya jagoranci aikinta, ɗan mishan ɗin Anglika da ya zauna a Zariya da Wusasa, tare da mutanen wasu mishan. Ashe Littafin da muke yanke wa wasu hukunci da shi, hannun 'yan wata ɗarika ne ya miƙo mana shi da harshenmu.

Kada wani ya ɗauka na watsar da abin da na gaskata. Ba na jan carbi, akwai koyarwarsu da har gobe ban yarda da ita ba, surukina ma bai yarda da duk tawa ba. Muna musu a shagona har shayi ya huce, in an kawo abinci kuma kwano ɗaya muke sa hannu. A 2018 na je ƙauye muka cire dangar, ni da 'ya'yan Baffa. Muna cikin cirewa wani abu ya faɗo mini a rai: dangar kara ba ta wuce damina biyu, gara da iska suna kayar da ita. Shekara talatin da biyar mu ne muke yanko sabon kara da hannunmu muna sabunta ta.

A Mayun 2021, da 'yan bindiga suka kashe wani matashin Fada a Malumfashi suka sace wani dattijon limami, ni na je na ɗauko fastonmu muka tafi gaisuwa. A Disambar 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocinsu. Mako biyu ina kwana shago ina ɗinka wa matansu anko, ranar kuma na sa babbar riga na je. Baffa bai kai ganin ranar ba, ni na zauna a madadinsa.

Babbar 'yar Auta tana koyon ɗinki a wurina yanzu. Hannunta irin na uwarta ne, har yadda take kaɗe ƙura daga yadi. Ƙyallen farin leshin da na rage yana cikin aljihun kekena, ta san labarinsa, ni na gaya mata da bakina. Kullum ƙarfe sha biyu na rana takan ajiye almakashi, ta yi alamar gicciye, ta yi addu'arsu ta tsakar rana a hankali. Ni kuma nakan ɗaga ƙafata daga kan keke har ta gama.